Dukan Wuya a Wasan Golf: Yadda Ake Gane Shi da Yadda Ake Maganinsa

Duk wanda ya taɓa faskare ya san wannan abu. Ka ɗaga gatari ka sauke da ƙarfinka, bakin ƙarfen ya zarce icen, ƙota ta sha dukan, hannunka ya ɗau zugi, guntun icen kuma ya yi tsalle gefe. To, a wasan golf, wanda wasu gidajen rediyo ke kira ƙwallon lambu, akwai irin wannan ɓarin dukan. Turawa na ce masa shank, ni kuwa dukan wuya nake kiransa.

Wani zai ce, mu 'yan Mai Wurno da ƙauyukan Jazira, ina ruwanmu da golf? Da gaskiyarsa. Kakanninmu sun biyo Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, bayan yaƙin Burmi na 1903, suka yada zango a bakin Bahar Azrak kusa da Sennar. Tun da aka gama madatsar ruwan Sennar a 1925, iyayenmu audugar Jazira suka sani, da tsinta da awo. Amma fatauci ba ya barin mutum inda ya same shi. Ni riɗi da zoɓo nake saye ina sayarwa, kuma wani mai sayen kayana ne ya fara ja na filin Fenti da ke Soba, kudu da Khartum, shekaru kafin yaƙin da ya ɓarke ran 15 ga Afrilu 2023. Yau yaƙi ya warwatsa mu. Wasu na Alƙahira, wasu na Jidda, ni ina Kano ina zirga-zirga tsakanin gida da kasuwar Dawanau. Cikin samarinmu akwai masu cin abinci da ɗaukar jakar 'yan wasa a filayen golf, cikin manyanmu kuma akwai waɗanda abokan ciniki ke gayyata, domin sau tari a can ake fara maganar da za a ƙarasa a ofis.

Kan sandar ƙarfe yana da fuska mai faɗi, wadda aka yi don ta bugi ƙwallo. A gefen da ke kusa da mai wasa akwai wuya mai zagaye, inda doguwar sandar ta shige cikin kan. Tsakanin tsakiyar fuskar da wannan wuya bai fi faɗin yatsu biyu ba. Idan kan sandar ya dawo ya ɗan fi yadda aka ajiye shi nisa da jikinka, wuyan ne zai tari ƙwallon. Da yake zagaye ne, sai ƙwallon ta fice ƙasa-ƙasa zuwa dama da gudun tsiya, in kai mai dukan dama ne. Bahago kuwa hagu tasa ke yi.

Abin kunya ne a gaban baƙi, amma ba kunyar ce ta fi damuna ba. Ƙwallon golf tana kusan giram 46, kuma tauri gare ta kamar tsakuwa. A wani fili na ga ta sami wani yaronmu mai ɗaukar jaka a ƙauri, don yana tsaye gaba kaɗan ta hannun damar mai dukan. Sati uku yana ɗingishi bai fita aiki ba, alhali da wannan kuɗin ake ciyar da uwarsa da ƙannensa. Shi ya sa nake roƙon iyaye su gaya wa yaransu: kada ka taɓa tsayawa gaban layin ƙwallo, ko da taku ɗaya ne. Tsaya baya, inda mai wasa bai ba ka fuska ba. Kai kuma Alhaji, in ƙwallonka ta nufi mutane, ɗaga murya ka ce "Fo!", kalmar gargaɗi ce da kowa a fili ya sani.

Kafin magani sai an tabbatar da ciwo. Shafa alli a fuskar sandar har wuyanta, ka buga ƙwallo biyar. Tabon zai nuna maka inda take taɓawa. Wannan yana da amfani domin dukan can bakin sandar ma yakan aika ƙwallo dama, kuma gyaransa daban ne. In tabon na wajen wuya, to ka duba abubuwa uku.

Na farko tsayuwa. Wanda ya matse ƙwallo da yawa ba ya barin wa hannuwansa hanya, dole su bauɗe waje. Sunkuya daga ƙugu, ka saki hannuwa su rataya daga kafaɗa, ka bar kamar faɗin tafin hannu tsakanin ƙarshen sandar da cinyarka. Kada kuma ka ja baya fiye da kima, don mai miƙa hannu yana neman ƙwallo faɗowa gaba yake yi, ya koma gidan jiya.

Na biyu nauyin jiki. Idan ya taru a yatsun ƙafa, gangar jiki gaba take rinjaya lokacin saukar sanda. Nauyinka ya zauna a tsakiyar tafin ƙafa. Gwada motsa yatsunka cikin takalmi kafin ka ɗaga; in sun ƙi motsi, ka yi gaba da yawa.

Na uku ƙugu, kuma shi ne na fi gani wajen masu shekarunmu da suka wuni zaune a rumfa. Maimakon ƙugu ya juya, sai ya tunkuɗo wajen ƙwallo, ya turo hannuwa waje. Maganinsa a tsakar gida yake. Jingina bayanka da bango ko kujera yadda mazaunanka za su ɗan taɓa, ka yi lilon duka a hankali ba sanda. Ɓangaren dama ya taɓa lokacin ɗagawa, na hagu ya taɓa lokacin saukewa. In ka rabu da bangon, ka kama ɓarawon.

A wurin atisaye, abin da ya fi yi mini aiki da waɗanda na nuna wa shi ne kwali. Ajiye kwalin takalmi maras komai a bayan ƙwallo, ta gefen da ba ka, ka bar ratar yatsa ɗaya tsakaninsa da bakin sandar. Buga ƙwallon ba tare da taɓa kwalin ba. Hannu ba ya son karo, da kansa zai janyo sandar kusa da jiki. Fara da gajeriyar sanda da rabin ɗagawa, ƙwallo ashirin. Sai allin ya nuna tabo a tsakiya sau goma a jere kafin ka ƙara ƙarfi.

Idan abin ya same ka ana tsakiyar wasa, ga abokin ciniki na kallo, kada ka shiga canza komai da komai. Tsoro na sa a damƙe sanda, damƙar kuma na ƙara ɓata lilon. Ja numfashi, sassauta riƙo, ka saita ƙwallon wajen bakin sandar, ka nufi bugun gefenta da ke kusa da kai. Wannan zai kai ka ƙarshen ramuka 18, gyaran gaskiya kuma a yi shi gobe da kwali da bango.

In an yi sati biyu tabon bai bar wuya ba, biya mai koyarwa na awa ɗaya ya duba ka, ko ka sa ɗanka ya ɗauke ka bidiyo da waya daga bayanka. Kuɗin bai kai na jinyar ƙafar ɗan mutane ba. Allah Ya tsare mu da yaranmu a inda muke neman halal, Ya kawo zaman lafiya Sudan.