Wa Ya Kulle Ƙofar Fita?

Ƙulun ƙulufit: wane gida ne baƙi ke shiga da sallama, amma ba wanda ya taɓa yin bankwana?

Sunan gidan NetworkManager, manhajar da kamfanin Red Hat ya ƙirƙiro a 2004, wadda ke haɗa ɗimbin kwamfutocin Linux da intanet. Da ta farka sai ta kirawo ƙananan manhajojin ɗori su taya ta aiki: ta Wi-Fi, ta Bluetooth, da ta modem, irin na Huawei da ZTE ɗin nan da muka sha sokawa a gefen laftof. An ce baƙo raɓa ne. To, zare modem ɗin. Kashe Bluetooth. Leƙa ƙwaƙwalwar kwamfutar. Suna nan zaune daram.

Wa ya hana su tafiya?

Wanda za a fara tuhuma shi ne Linux kansa: ko dai ya iya ɗorawa ne, bai iya saukewa ba? Ina! Yana da dlopen mai shigo da ɗori, yana da dlclose mai sallamarsa. Har direban Wi-Fi ana cire shi da umarnin modprobe a mayar, kwamfuta na kunne. An wanke Linux.

Sai mantuwa, don masu rubuta manhaja ma 'yan Adam ne. Amma rubutun wannan manhaja a buɗe yake ga kowa, kuma in ka bi shi a tsanake za ka ci karo da g_module_make_resident. Aikinsa ɗaya: ko an ce a sauke ɗorin nan, kada a sauke. Mai mantuwa ba ya sa kwaɗo. Da gangan aka kulle. Wani ya tsorata.

Da me?

Da rajista. An gina NetworkManager a kan GLib, wanda ke riƙe da rajistar nau'o'in abubuwa. Kowane ɗori da ya shigo sai ya rubuta kansa: ga sunana, in ana son kunna na'urata ga adireshin aikin a ƙwaƙwalwa, in ana son kashe ta ga wani. Matsalar ita ce, abin da aka rubuta ta hanyar da aka saba ba ya gogewa. Ka sauke ɗorin, aikin ya ɓace, adireshin yana nan.

Da farko shiru. Komai lafiya lau. Can sai wata ƙidayar lokaci da ɗorin ya saita ta cika, ko sakamakon laluben Wi-Fi ya iso a makare. Manhaja ta duba rajista. Ta bi adireshi. Ba kowa. Ta faɗi.

Wannan ma sa'a ce. Idan an riga an zuba wani abu daban a wannan gurbi, shi za ta ɗauka ta aiwatar, alhali tana aiki da cikakken ikon mai gida. Kuma ɓarnar ba ta bayyana lokacin da aka sauke ɗorin, sai daga baya, a wani wuri dabam, ta bar mai gyara yana zargin eriya. A harkar rediyo abin ya fi muni, tunda sabis ba ya neman izini kafin ya ɗauke ko ya dawo.

Ba masu NetworkManager kaɗai suka ji wannan tsoro ba. A musl, laburaren C na Rich Felker wanda OpenWrt ke amfani da shi a rawutoci, dlclose amsawa kawai yake yi da "an gama", bai taɓa komai ba, kuma ƙa'idar POSIX ta yarje masa.

Ni dai ina bayan kwaɗon. Ɗorawa tana da riba, domin sabar da ba ta da eriya ba sai an girka mata ɗorin Wi-Fi ba. Saukewa kuwa ɗan gurbi ƙalilan take ceto a ƙwaƙwalwa. Mai son sauya ɗori ya sake tayar da manhajar baki ɗaya da umarnin systemctl, rajista ta fara daga fari, cikin 'yan daƙiƙu ya koma intanet.