Kwarin Gulbin Maraɗi, daga sansanin yaƙi zuwa masaukin baƙi

Ƙasarmu Nijar ba ta da teku, amma jahar Maraɗi tana da nata bakin ruwa, wato Gulbin Maraɗi. Daga Nijeriya yake fitowa, ya shigo ƙasarmu ta gundumar Madarunfa, ya ratsa ta Jiratawa da Maraɗi da Tibiri da Gidan Runji, sa'an nan ya koma Nijeriya ya zuba cikin gulbin Rima. Da damina kaɗai yake gudu, amma albarkarsa ba ta yankewa duk shekara. Mutane iri biyu ne suka ba wannan kwari kamanninsa na yau, mayaƙa da baƙi. Ya kamata masu karatu su san yadda ɗaya ya buɗe wa ɗaya hanya.

Garuruwan da yaƙi ya kafa

A shekarar 1807 birnin Katsina ya faɗa hannun masu jihadi. Gidan sarautar Katsina ya yi gudun hijira, ya fake a ƙasar Damagaram. Wajen 1819 mutanen kwarin suka tayar wa wakilin Fulani, suka kira Ɗan Kasawa, ya zo ya zauna Maraɗi. Shi ya sa har yau ba a cewa sarkin Maraɗi, sai sarkin Katsina.

Gobirawa ma haka ta same su. Alƙalawa ta faɗi a 1808. A 1836 aka yi yaƙin Gawakuke, inda Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi nasara, aka kashe sarkin Gobir Ali da sarkin Katsina Rauda. Bayan wannan ne Mayaƙi ya tattara sauran Gobirawa, ya kafa Tibiri, da tazarar ƴan kilomita kaɗan daga Maraɗi, don garuruwan biyu su riƙa kai wa juna ɗauki.

Me ya sa suka zaɓi wannan wuri? A zamanin nan kwarin kurmi ne mai duhu, dawakin abokan gaba ba su iya ratsa shi da sauƙi. Ga ruwa kusa, ga fadama mai ciyar da dakaru da dabbobinsu. Daga nan ake shirya hari da rani, a komo kafin shuka. A zamanin Ɗan Baskore, cikin rabin ƙarni na 19 na biyu, mayaƙan Maraɗi sun sha kai farmaki har cikin ƙasar Katsina. Tsarin fada kansa na yaƙi ne: Ƙaura shi ne shugaban dakaru, kuma yana cikin manya huɗu masu zaɓen sarki, tare da Galadima da Durɓi da Ƴandaka.

Iyaka da kasuwa

Da Turawa suka zo, Faransa da Ingila suka ja iyaka bisa yarjejeniyoyin 1904 da 1906. Maraɗi da Tibiri suka faɗa rabon Faransa, birnin Katsina rabon Ingila. Hari ya ƙare, aka rataye takobi, hanyar da dakaru suke bi ta zama ta fatake. Gyaɗa ta shigo, kantuna suka buɗe. A 1945 gulbin ya yi ambaliya ya cinye tsohon gari, aka tayar da sabo bisa tudu, da tituna miƙaƙƙu. Daga cinikin gyaɗa da fataucin iyaka ne alhazan Maraɗi suka taso, har garin ya sami sunan cibiyar kasuwancin ƙasa.

Abin da baƙo yake zuwa gani

Yawancin baƙin kwarin ba Turawa ba ne. Ƴan uwa ne daga Katsina da Kano da Sakkwato, da ƴan ƙasa daga Yamai da Damagaram da Tawa. Abin da yake jawo su kuwa, mafi yawansa gadon zamanin yaƙi ne. Hawan sallah, da dawakinsa da lifidi da kakaki, jerin gwanon dakarun da ne, wanda ya zama biki. A Tibiri akwai fadar sarkin Gobir, da sarautar Inna, da al'adar buɗin daji. A 2010 gwamnati ta ɗaga sarautun Katsina da Gobir zuwa matsayin sultan.

Jiratawa kuma ta yi suna da ginin tukwane da randuna, da gandun noman rani wanda aka shimfiɗa a farkon shekarun 1980, inda zogale ya zama abin neman kuɗi ga gidaje da yawa. Gaba kaɗan ga tafkin Madarunfa, da masuntansa da tsuntsayensa, da kaburburan da mutanen wurin suke cewa na waliyyai 99 ne, waɗanda ake zuwa ziyara. A 2019 aka sa tafkin cikin jerin wuraren ruwa da duniya ta yarda a kiyaye.

Maraɗi kanta ta saba da taro. Filin kokowa na garin yana ɗauke da sunan Kantu, ɗan jahar da ya fara cin takobin ƙasa a Tawa a 1975. A 2015 an yi bikin 18 ga Disamba a nan, da sunan Maraɗi Kwalliya. Duk irin wannan taro, mai masauki da mai tuwo da ɗan kabu-kabu da maginin tukwane kowa yana samun rabonsa.

Baƙo ba ya zuwa inda ake tsoro

Sai dai hankali bai kwanta sarai ba. Ƴan bindiga masu satar shanu da sace mutane don kuɗin fansa sun addabi garuruwan iyaka, suna fakewa cikin dazuzzuka irin na Baban Rafi. A 2019 dubban ƴan gudun hijira daga Sakkwato da Zamfara da Katsina suka kwararo gundumar Gidan Runji da kewayenta, kwarin ya sake zama mafaka kamar a zamanin Ɗan Kasawa. Gwamnati ta ƙara askarawa, aka kafa rundunar da aka raɗa wa suna Farautar Bushiya. Ban da haka, Nijeriya ta rufe iyakarta daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, aka sake rufewa bayan Yuli 2023 har cikin 2024. Kowace rufewa kasuwa ta ji a jikinta.

Wannan ya nuna aikin soja da zuwan baƙi a haɗe suke. In hanyar Ɗan Isa da ta Madarunfa suna da aminci, randunan Jiratawa za su sami mai saye, masallatan ziyara su cika. In babu aminci, ko an gina otal goma ba mai kwana ciki.

Saboda haka aikin na kowa ne. Talakawa su taimaki jami'an tsaro da labari na gaskiya, jami'an kuma su riƙe mutuncin talakawa, gama da yarda ake samun labari. Magadan gari da sarakuna su kula da tsofaffin gine-gine da itatuwan bakin tafki. Waɗanda suka yi karatun yaƙi da jahilci kuwa, ga aiki ya same su: su zauna gaban tsofaffi da makaɗan fada, su rubuta tarihin unguwanninsu da harshensu tun masu saninsa suna raye. Allah shi ba mu lafiya da zama lafiya.