Huhu Ɗaya, Guba Biyu: Leburorin Gonakin Inabi a Kalifoniya

A gundumar Sonoma da ke arewacin jihar Kalifoniya ta Amurka, daga Agusta zuwa Oktoba ake girbin inabi. Daidai lokacin ne kuma ciyawa ke bushewa ƙamas, busasshiyar iska ta kaɗo daga tuddai, wutar daji ta tashi. A 2017 gobarar Tubbs ta cinye dubban gidaje a garin Santa Rosa. Ta Kincade ta biyo baya a 2019. A 2020 kuwa, wuta ta laƙume fiye da eka miliyan 4 a faɗin jihar.

A waccan shekarar an kwashe mazauna yankuna da dama, amma aka ba masu gonaki takardar izini mai suna Ag Pass don su shiga da leburori wuraren da kowa ya gudu ya bari. Inabin da ya sha hayaƙi ɗanɗanonsa kan lalace, kamfanonin giya su ƙi saye, shi ya sa ake sauri. Akasarin leburorin 'yan ci-rani ne daga Meziko. Wasunsu ma yaren ƙauyukansu suka fi ji, irin su Mixtec da Triqui, ga shi sanarwar gargaɗi galibi da Turanci ko Sifaniyanci take zuwa.

Abin tsoro a hayaƙi ba tokar da ke zuba a kafaɗa ba ce. Wasu ƙwayoyin ƙura ne da ake kira PM2.5, waɗanda kaurin silin gashi ya ninka nasu kusan sau 30. Gashin hanci ba ya tare su. Sukan zarce can ƙuryar huhu, wasu har cikin jini, su tayar da asma, su takura wa zuciya. Mai aikin ƙarfi kuwa ya fi na zaune zuƙar iska nesa ba kusa ba.

Huhun da hayaƙin ke tararwa kuma ba hutacce ba ne. A gonakin inabi ana yawan barbaɗa farar wuta don kashe fumfuna, kuma binciken CHAMACOS da Jami'ar Kalifoniya ta Berkeley ta soma a kwarin Salinas a 1999 ya danganta zama kusa da inda ake barbaɗa ta da matsalar numfashi a yara. Akwai chlorpyrifos, maganin ƙwari da ke hana jijiyoyi sakin jiki, ya kawo jiri, zubar yawu da ƙuncin ƙirji; sai a ƙarshen 2020 jihar ta daina barin a fesa shi a gonaki. Akwai kuma paraquat, maganin ciyawar nan da manoman ƙasar Hausa suka sani sarai a cikin famfon feshi na goyo. Shi huhu yake nufa kai tsaye, kuma Tarayyar Turai ta haramta shi tun 2007.

A Yulin 2019 hukumar kula da lafiyar ma'aikata ta jihar, Cal/OSHA, ta kafa doka: idan ma'aunin gurɓatar iska ya kai 151, dole mai gona ya tanadi takunkumin N95. Amma sanyawa ganin dama ne, ba ta zama tilas sai ma'aunin ya haura 500. Takunkumin ma ƙura yake tacewa, tururin magani wucewa yake abinsa. Dokar hayaƙi daban, ta feshi daban, kamar mutum biyu ne ke shaƙarsu.

Sai kuma batun lada, wanda nan ne gizo ke saƙar. Da yawa ba da awa ake biyansu ba, da yawan abin da suka yanka ne. Lebura na aiki da tsakar dare da fitila ɗaure a goshi da lanƙwasasshiyar wuƙa a hannu, yana sassarfa da bahon inabi zuwa tirela, gumi ya jiƙe takunkumin har ya manne masa a baki. Ya cire, ya ci gaba. Wanda ba shi da takardun zama kuwa, ina ya ga bakin kai ƙara?

A 2020 masu gonaki sun yi ta aika samfurin inabi ɗakunan gwaji don a auna hayaƙin da ya sha, har layi ya yi tsawon makonni. Dokar 2019 ba ta wajabta wa kowa auna huhun waɗanda suka yanko shi ba.