Gansakuka da Masana'antun Cire Gishiri Daga Ruwan Teku: Bayani da Matsalar Kalmomi

1.0 Gabatarwa

Bahaushen Agege yana zaune kusa da teku, amma ruwan shansa a hannun 'yan garuwa da masu rijiyar burtsatse yake, domin matatar Iju da aka buɗe a 1915 da ta Adiyan ba su wadatar da Legas ba. Wannan ya sa akan kawo batun tace ruwan teku, irin wanda alhazai ke sha a Makka daga masana'antar Shu'aiba. Manufar wannan maƙala ita ce bayyana wata babbar matsalar wannan hanya, da kuma kalmomin da za a yi bayaninta da su.

2.0 Yadda Gansakuka Ke Ɓarna

Gansakukar teku ƙwayoyin tsiro ne da ido ba ya gani sai sun taru. Idan takin zamani da ƙazantar birni suka kwarara cikin teku, ruwan kuma ya yi ɗumi, sai su hayayyafa cikin 'yan kwanaki har ruwa ya rine, ya koma kore ko ja.

Masana'antar cire gishiri kan matsa ruwa da ƙarfi ta cikin wata tantani mai ƙananan ƙofofi, ruwa ya wuce, gishiri ya tsaya. Gansakuka kan fara toshe rariyoyin farko. Daga nan yauƙin da take fitarwa ya liƙe wa tantanin, ƙwayoyin cuta su samu mazauni. Sai ruwa ya ragu, kuɗin wuta da na wanki su ƙaru. Haka ya faru a Tekun Oman a 2008 zuwa 2009, inda aka tsayar da wasu masana'antu a Oman da Daular Larabawa. Masana'antun da ke dafa ruwa su tara tururi ba su cika shan wannan wahala ba. Daga cikin magunguna akwai hura iska cikin ruwa don gansakukar ta taso a kwashe, da jawo ruwa daga can ƙasan teku.

3.0 Matsalar Kalmomi

Hausa ta bambanta gansakuka da kainuwa da bado, amma duk a tafki ta san su. Tsiron nan ɗan Kudancin Amurka da ya shigo ruwayen Legas ta Badagry a 1984 yana da ganye da saiwa, saboda haka dangin kainuwa ne a idon Bahaushe, kuma da hannu ko inji ake kwashe shi. Gansakuka kuwa ta fi ƙarfin manjagara. Mai fassarar da ya haɗa su da suna ɗaya ya ɓatar da mai sauraro game da maganin.

4.0 Kammalawa

Muna ba da shawarar a riƙa cewa "ambaliyar gansakuka" ga wannan hayayyafa, da "jan ruwa" ga nau'in da ke rina teku. Ya rage ga masana da ma'aikatan rediyo su gwada su a bakin jama'ar Agege da Idi-Araba, su ga ko za su karɓu.