Abin da ya kamata ku sani game da ma'aunin h na masu bincike

Duk wanda ya taɓa leƙa shafin malamin jami'a a Google Scholar zai ga wata lamba da ake kira h-index. Jorge Hirsch, masanin fiziks a Jami'ar Kalifoniya da ke San Diyego, shi ya ƙirƙiro ta a 2005, don a haɗa abu biyu a lamba ɗaya: yawan maƙalun mai bincike, da yadda sauran masana ke kafa hujja da su.

Lissafin ba shi da wuya. Kwamfuta za ta jera maƙalun mutum, daga wadda aka fi ambata zuwa ƙasa, sai ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana duba ko yawan ambaton kowacce ya kai lambar matsayinta a layin. A ce wata malama tana da maƙalu biyar, an ambace su sau 10, 8, 5, 4 da 3. Ukun farko sun wuce ba gardama. Ta huɗu tana da 4, ta tsallake da ƙyar. Ta biyar kuwa 3 gare ta, ba ta kai 5 ba, to nan kwamfuta za ta tsaya. Ma'aunin malamar 4 ke nan, wato tana da maƙalu huɗu da aka ambaci kowacce aƙalla sau huɗu. Masu rubuta manhaja kan gama wannan da 'yan layuka kaɗan.

Inda gizo ke saƙar shi ne abin da ake ɗura wa kwamfutar. Google Scholar yana kwaso kusan duk rubutun ilimi da ya tarar a intanet, rumbunan Scopus da Web of Science kuwa zaɓaɓɓun mujallu suke ƙirgawa, shi ya sa mutum ɗaya zai iya samun lambobi uku mabambanta. Ban da wannan, wanda ya rubuta maƙala ɗaya tak da aka ambata sau 1,000, ma'auninsa 1 ne. Wasu kuma kan yi ta ambaton kansu don lambar ta hau. Ga bambancin fanni: masu binciken likitanci suna ambaton juna fiye da masana tarihi, balle malamin adabin Hausa da yawancin aikinsa ke cikin littattafai da mujallun da ba su shiga waɗannan rumbuna ba.

Saboda haka masu zaman tantance malamai don ƙarin girma, ku duba lambar, amma ku kwatanta mutum da 'yan fanninsa, sannan ku buɗe maƙalun ku karanta.