Ɗanki Ya Ce Zai Koma Mastas? Ki Zauna Da Shi Kafin A Kai Ragon Maigatari

Yau maganar tawa da ke ce, uwar da ta ga ɗanta ko 'yarta sun gama digiri, an yi walima, an rataye hoton hular nan mai kusurwa huɗu a falo, an je bautar ƙasa an dawo, yanzu ga shi shekara ta zagayo ana zaune a gida. Daga Ɗanzomo zuwa Sule Tankarkar, daga Gagarawa zuwa cikin garin Gumel, maganar da ke biyo bayan wannan zaman kusan iri ɗaya ce: "Umma, tunda aikin bai samu ba, gara in koma in yi mastas." Ke kuma da jin an ambaci karatu sai zuciyarki ta yi sanyi, ki fara lissafin kwasar adashi da tumakin da ke turke, har kin fara tunanin wanda zai kai miki su kasuwar Maigatari ranar Alhamis.

Ni ma'aikaciyar jinya ce, a aikinmu kuma karatu ba ya ƙarewa, don haka ba za ki ji na kushe ƙarin ilimi ba. Amma digiri na biyu kuɗi ne masu yawa da shekaru, kuma takardarsa ita kaɗai ba ta kai mutum ofis. Akwai wanda mastas zai ɗaga shi, akwai wanda zai jinkirta masa zaman gidan ne kawai da shekara biyu ko uku, ya dawo da takarda biyu da shekarun da suka ƙaru, alhali wasu wuraren aikin suna sa iyakar shekaru a tallarsu. Tambayoyin da za ki yi masa a tsakar gida su za su nuna miki wanne ne naki a ciki.

Tambaya ta farko: wane aiki yake so ya yi da takardar? Idan ya ce koyarwa a jami'a ko kwaleji, to ya kama hanya, don a nan digiri na biyu tsani ne da ba a tsallake shi. Muna da wuraren kusa da mu: Kwalejin Ilimi ta Gumel a ƙofar gida, Jami'ar Tarayya ta Dutse da aka kafa a 2011, Jami'ar Sule Lamido ta Kafin Hausa da aka kafa a 2013, da Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Ɓaɓura. Sai dai ki sake tambayarsa wane irin mastas ne, don iri biyu ne, kuma iyaye da yawa ba su san da haka ba. Akwai na bincike, wanda ɗalibi ke rubuta cikakken kundi a ƙarƙashin malami ya kare shi gaban malamai. Shi ne ke buɗe ƙofar digiri na uku da koyarwa a jami'a. Akwai kuma na ƙwarewar aiki, irin su MBA, wanda aka tsara don ma'aikata da 'yan kasuwa, sau da yawa a ƙarshen mako ake karatunsa, kuɗinsa kuma ya fi yawa. A Jami'ar Bayero ta Kano ana yin duka biyun. Wanda burinsa ya zama malamin jami'a idan ya shiga na biyun, zai iya gamawa ya tarar ba a karɓarsa zuwa digiri na uku. Sannan matakin da ya fita da shi a digirin farko yana da tasiri: yawanci mai mataki na uku sai ya fara yin babbar difloma ta shekara guda kafin a ɗauke shi mastas. Shekara ɗaya ke nan da kuɗinta, waɗanda ba su cikin lissafin da ya kawo miki.

Idan kuma amsarsa ita ce "don dai in fi samun aiki", to a nan za ki gyara zama. Ayyuka da yawa lasisin sana'a suke tambaya kafin su tambayi digiri na biyu. Wanda ya karanta kimiyyar sinadarai ko tarihi yana son koyarwa a sakandare, abin da ke gabansa shi ne diflomar koyarwa ta PGDE da rajista da hukumar malamai ta TRCN, wadda sai an zauna jarrabawarta. Mai lissafin kuɗi, jarrabawar ICAN ko shiga ANAN ce ke ɗaga darajarsa. Injiniya yana da COREN. Mu ma a jinya haka abin yake. Hukumarmu ta ma'aikatan jinya da ungozoma ba ta sabunta lasisi sai mutum ya nuna ya halarci kwas ɗin ƙarin sani na dole, kuma nas ɗin da ta je ta yi kwas na musamman, kamar jinyar ido a Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna ko jinyar ƙashi a asibitin Dala a Kano, tana dawowa da abin da hannunta zai yi a ɗakin marasa lafiya tun ranar farko. Na sha ganin yadda ake rububin irin waɗannan a asibitocinmu, saboda ba su da yawa.

Sai maganar wanda zai biya. Bashin karatu na NELFUND da aka fara a 2024, da masu digirin farko da NCE da difloma aka fara shi, don haka kada a ɗora lissafin mastas a kansa. Asusun TETFund yana ɗaukar nauyin digiri na biyu da na uku, amma na malaman manyan makarantun gwamnati ne waɗanda makarantarsu ta miƙa sunansu. Ma'aikacin gwamnati ma yana iya neman hutun ƙaro karatu da albashinsa, bayan an tabbatar da shi a aiki, wanda a ƙa'ida yake zuwa bayan shekara biyu. Kin ga ke nan sau da yawa jerin a juye muke yin sa: mu sayar da dabbobi mu biya mastas don a samu aiki, alhali wanda ya fara samun aikin, ko ƙarami ne, aikin ne zai biya masa karatun. Shi ya sa idan aka buɗe ɗaukar J-Teach ko J-Health ko J-Agro a jiharmu, ba na son in ji yaro mai digiri yana cewa alawus ɗin ya yi masa kaɗan. Ƙafa ce a cikin ƙofa, kuma an ga waɗanda aka mayar ma'aikatan dindindin daga J-Teach.

Akwai kuma tallafin da ake nema ta intanet kyauta. PTDF tana ba masu fannonin da suka shafi man fetur da makamashi. Gwamnatin Birtaniya tana da Chevening, mastas na shekara ɗaya da ake biya wa mutum komai, amma sharaɗinsa sai mutum ya yi aikin da ya kai shekara biyu, ko da na sa-kai ne, kuma ya yarda zai dawo gida bayan ya gama. Akwai na Commonwealth, ga kuma Hukumar Tallafin Karatu ta Jihar Jigawa a Dutse, wadda ya kamata ya riƙa bibiyar sanarwarta. Samun waɗannan ba sauƙi, masu nema suna da yawa ƙwarai. Amma cike fom ɗin kansa makaranta ne, don yana tilasta yaro ya rubuta abin da ya taɓa yi da abin da yake son yi, a nan ne wasu ke fara gane ba su da abin rubutawa.

Wannan gurbin na "me ka taɓa yi" shi ne ya fi damuna, kuma a nan ne ke uwa kike da hannu fiye da yadda kike zato. Shekarar bautar ƙasa ita ce damar farko. Tun watan Maris na 2025 alawus ɗin ya koma naira 77,000 a wata, kuma tun daga sansani, irin namu na Fanisau a Dutse, ana koyar da sana'o'i a shirin SAED. Idan naki bai tafi ba tukuna, ku yi yarjejeniya tun yanzu a kan abin da zai riƙa ajiyewa duk wata, ko don sayen kwamfuta ta hannu ko don kuɗin jarrabawar lasisi. Idan kuma ya riga ya dawo, kada ki bar shi ya wuni a majalisa. Makarantar firamare ko Islamiyyar unguwa tana neman mai koyarwa, asibitin sha-ka-tafi yana neman mai taimakawa da rajista, ana neman masu fita aikin rigakafi. Ya je ya yi, ya kuma karɓi takarda mai hatimi da ke nuna ya yi, daga wata kaza zuwa wata kaza. Ƙungiyoyin agaji da ke aiki a jihar nan, irin likitocin MSF da suka daɗe a asibitin Jahun, idan za su ɗauki ma'aikaci suna duba ko ya iya rubuta rahoto, ya iya shigar da alƙaluma a Excel, ya iya tura saƙon imel mai kan gado. Gwamnatin tarayya ma tana da shirin 3MTT da ta ƙaddamar a 2023 don koyar da matasa fasahar zamani kyauta. Wayar da yake kallon ƙwallo da ita ta isa ya yi rajista.

In kuwa an tsaya a kan mastas ɗin za a yi, to taken bincikensa abin dubawa ne, kada ki ce wannan ya fi ƙarfinki. Ki tambaye shi kawai: a kan me za ka rubuta, wa zai amfana? Ƙasar Gumel cike take da tambayoyin da ba a amsa ba. Riɗi da zoɓorodon da ake lodi daga Maigatari har ƙasashen waje suke kaiwa, me ya sa manomi ne ke samun mafi ƙanƙantar riba? Cinikin dabbobi tsakaninmu da Nijar, yaya yake kasancewa duk lokacin da aka rufe iyaka, kamar yadda aka yi a 2019 da kuma bayan juyin mulkin Nijar na 2023? Taƙaddamar filayen noman rake a Gagarawa, zaizayar ƙasa da ƙarancin ruwa a ƙauyukan Sule Tankarkar, matan da ke haihuwa a gida har jini ya ɓalle kafin a samo mota. Ɗalibin da ya shiga ƙauyukan nan da ƙafarsa ya tattara bayani, zai fito ya san mutane, mutane sun san shi, ga kuma abin da zai faɗa a intabiyu wanda ɗan Legas ba shi da shi. Wanda kuwa ya biya aka rubuta masa kundi a shagon kwamfuta, tambaya biyu za a yi masa ya fara zufa. Kuma malamin da ya duba masa aikin shi ne zai rubuta masa takardar shaida gobe, don haka ki riƙa tuna masa ya riƙe mutumin nan da mutunci, ya kai gyara a kan lokaci.

Game da 'ya'ya mata, bari in ɗan tsaya. Da yawa daga cikinsu karatun na biyu yana haɗuwa da aure, da ciki, da goyo. Ina ganinsu a awo, ga littafi a jaka ga kumburin ƙafa. Ana iyawa, amma fa sai da shiri. A yi maganar karatun da mijin da iyayensa a fili tun kafin a sayi fom, har da inda za ta sauka a Kano ko Dutse, da wanda zai riƙe yara ranakun lacca. Idan ciki ya zo da laulayi mai tsanani ko hawan jini, ta rubuta wa makaranta neman jinkirta zango a hukumance, kada ta ɗauke ƙafa shiru, don akwai iyakar shekarun da ake ba ɗalibi, in ya wuce a cire sunansa. Kakar da ta ce "kawo min yaran, je ki" ta ba da tallafin da ya fi na kowace hukuma. Ki kuma sani matar aure tana da damar neman a mayar da bautar ƙasarta jihar da mijinta yake.

Abu biyu suka rage, ƙanana a ido amma suna karya mutane. Na farko masu sayar da takardar ɗaukar aiki. Duk wanda ya ce ki kawo dubu ɗari kaza yana da hanya a Abuja ko Dutse, ki riƙe kuɗinki. Ko dai takardar bogi ce, ko kuma ranar tantance ma'aikata ta tona asiri bayan an ci kuɗin gonar.

Na biyu sunaye. Mu nan yaro zai tashi Musa Ibrahim a firamare, ya zama Musa Ibrahim Ɗanzomo a WAEC, a JAMB a juya sunan, a katin ɗan ƙasa kuma ranar haihuwa ta bambanta da ta takardar haihuwa. Yanzu komai kwamfuta ce ke tantancewa, ita kuwa ba ta san "ai duk shi ne" ba. Ki sa ya baje takardunsa a tabarma a gabanki: ta firamare, WAEC ko NECO, takardar shiga jami'a ta JAMB, shaidar digiri, ta bautar ƙasa ko ta yafewa ga wanda ya haura shekara 30 kafin ya gama, shaidar zama ɗan ƙaramar hukuma, da lambar NIN. A karanta su ɗaya bayan ɗaya, harafi da harafi. Inda aka ga saɓani a fara gyara tun yanzu, tun daga rantsuwar kotu har ofishin NIMC. Ya kuma nemi cikakken sakamakonsa na jami'a, wanda suke kira tiranskirif, watanni kafin a buɗe fom, don fitar da shi yana ɗaukar lokaci, makarantar da zai shiga kuma tana buƙatarsa kafin ta kammala tantance shi.