Tekun da Ya Zama Siminti a Kalambaina

A Kalambaina, kusa da birnin Sakkwato, ana fasa farin dutse ana yin siminti da shi. Asalin dutsen nan teku ne. Kimanin shekaru miliyan 60 da suka shige, ruwan teku marar zurfi ya mamaye yankin, ya ratsa inda hamadar Sahara take a yau. Ƙananan halittun ruwa suka riƙa ɗaukar sinadarin kabon da ya narke a cikinsa suna gina ɓawonsu. In sun mutu, ɓawon ya kwanta a ƙasa, wani bisa wani, har ya daskare. Har gobe ana tsintar burbushinsu a jikin dutsen.

To, daga ina kabon ya shiga ruwan? Daga sama. Ruwan sama yana gauraya da iskar kabon ya ɗan yi tsami, ya zaizaye duwatsu sannu a hankali, koguna su kwashi abin da ya narke su kai teku. Duwatsu masu aman wuta ne ke mayar da shi sama, bayan miliyoyin shekaru. Akwai kuma gajeriyar hanya: gero ya shaƙi iskar ta ganyensa, hasken rana ya taimaka ta zama hatsi, mu ci tuwo, mu fitar da ita a numfashi.

Farin dutse da kwal da ɗanyen mai rumbun kabon ne da aka liƙe bakinsa tun kafin a yi ɗan Adam, mu kuwa muka fasa shi gaba ɗaya. Idan aka gasa farin dutse a zafin da ya kai digiri 1,450, kabon da ke cikinsa sai ya tashi. Siminti kaɗai na fitar da kashi 7 zuwa 8 cikin ɗari na iskar kabon da mutane ke saki. Kafin zamanin masana'antu, adadinta a sararin sama 280 ne cikin miliyan; yau ya haura 420.

Teku na shanye kusan kashi ɗaya bisa huɗu na abin da muke saki, kuma abin da ya fi damuna ke nan: ruwansa na ƙara tsami, halittu masu ɓawo suna wahalar gina jikinsu.

Ba wanda zai hana talaka gina muhalli. Amma ana iya cuɗa siminti da gasasshen yumɓu a rage dutsen da ake ƙonawa. Injiniyoyinmu da hukumomin gine-gine su ɗauki wannan da muhimmanci.